A wajen tsallakawa aji muke asarar yaranmu masu buƙata ta musamman

Assalamu alaikum Malam Edita, ina gaishe ka da ma'aikatanka baki ɗaya, Allah ya ƙara basira. Dan Allah a ba ni fili in yi magana kan karatun yaranmu masu buƙata ta musamman, wato makafi da kurame da guragu da zabiya da waɗanda fahimtarsu ke da jinkiri, saboda na lura duk lokacin da aka tashi zancensu, musamman ranar 3 ga Disamba da ake bikin ranar nakasassu ta duniya, abin da ake nuna mana shi ne rabon kekuna da buhunan shinkafa, a ɗau hoto a watse sai wata shekara. Ni malamin firamare ne a makarantar gwamnati, kuma abin da ke ci min tuwo a ƙwarya daban ne. Sa yaro mai nakasa a aji ɗaya yanzu ba shi ne babban aikin ba, iyaye da yawa sun fara kawo su, Alhamdulillahi. Inda muke rasa su shi ne wajen tsallakawa, daga aji shida zuwa JS1, daga JS3 zuwa babbar sakandare, daga nan kuma zuwa kwaleji ko jami'a. A kowace mahaɗa sai wasu sun zube, kuma ba wanda aikinsa ne ya waiwaya ya tambaya ina suka shiga.

Dalilin ba boyayye ba ne ga duk wanda ya taɓa riƙe alli. Firamare a unguwa take, yaro zai iya rarrafawa ko 'yan uwansa su turo shi, azuzuwan a ƙasa suke, malami ɗaya ne ke tare da shi kusan duk yini, ya san wannan sai an zaunar da shi a gaba don ba ya gani daga nesa, ya san waccan sai ka kalle ta ido da ido kana magana sannan take ganewa, ya san wane in farfaɗiyarsa ta tashi me ake yi masa. Duk wannan sanin a kan malamin yake, ba a rubuce yake a ko'ina ba. Ranar da yaron ya gama aji shida abin da zai bi shi kawai sunansa ne a jerin sunaye da sakamakon jarrabawa. Sai ya je sabuwar makaranta mai nisa wadda sai an hau a daidaita sahu kullum, ajin nasu wataƙila a saman bene, malamai kusan goma kowa ya shigo ya yi mintinsa arba'in ya fita, a aji mai ɗalibai sama da ɗari wa zai lura akwai wanda bai ji abin da aka faɗa ba? Zangon farko ya faɗi, na biyu ya faɗi, a fara ce masa daƙiƙi, uban ya duba kuɗin mota ya ce to zauna a gida.

Akwai wata yarinya da na koyar, shan inna ya taɓa ƙafafunta tun tana ƙarama, wallahi a lissafi ba ta da na biyu a ajin. Ta ci jarrabawa aka tura ta wata sakandare, ba ta rufa zango biyu ba ta daina zuwa. Da na je gidansu mahaifiyarta ta ce min malam ba karatun ne ya gagare ta ba, banɗaki ne. Banɗakin makarantar rami ne, ƙasan a jiƙe da ƙazanta, ita kuma da hannu take tafiya in ta sauka daga keke, don haka sai ta daina shan ruwa tun daga asuba har a tashi don kar fitsari ya kama ta, ga shi lokacin ta fara al'ada, abin ya haɗu ya yi mata yawa. Na daɗe ina tunanin wannan maganar, don a duk tarukan da ake yi kan ilimi ban taɓa jin wani babba ya tsaya ya yi maganar banɗaki ba, alhali shi ne ya raba yarinya mai ƙwaƙwalwa irin wannan da makaranta. Kuma fa mu a Arewa muna da irinta da yawa. An tabbatar da Najeriya ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji a watan Agustan 2020, mun yi murna, amma yaran da cutar ta riga ta taɓa suna nan tare da mu, wasunsu yanzu ne suke shekarun sakandare da jami'a.

Na kurame kuma wani babi ne. Yaro kurma ya taso a gida da maganar hannu irin tamu ta gargajiya, wadda shi da uwarsa da abokansa suke fahimtar juna da ita, sai a kai shi makaranta ya tarar da wata maganar hannun daban, wadda asalinta daga ta Amurka ne, tun zamanin da Andrew Foster, wani kurma baƙar fata ɗan Amurka, ya zo ya buɗe makarantun kurame a Afirka ta Yamma. To ya sha wahala ya koyi wannan, ya fara karatu da ita, ya gama firamare, sai a ce sakandaren da ke da malamai masu iya ta tana can babban birnin jiha, irin ta Tudun Maliki a Kano, kuma guri nawa ne a cikinta, jihar kuma mutum nawa ne? Wanda yake ƙauye mai nisa, uba talaka, sai dai a sa shi a sakandaren kusa inda ba wanda zai iya ce masa ko sannu da hannu. Zai zauna shekara uku yana kwafar abin da ke kan allo kamar zane bai san me ake nufi ba.

Makafi su ma haka. Makarantar makafi ta Gindiri a Filato tun 1953 take, wato ba yau aka fara koyar da makafi rubutun Braille, wanda ake karantawa da taɓawar yatsa, a ƙasar nan ba, mun san yana yiwuwa, mun ga makafi lauyoyi da malaman jami'a. Amma makaho in ya bar makarantarsu ta musamman ya shiga sakandare da sauran yara, littattafan ba a juya su zuwa rubutunsa ba, malamin lissafi yana tsaye a gaban allo yana cewa ku ɗauki wannan ku haɗa da wancan ku raba da na ƙasa, shi kuma yana zaune, wanne ne wannan wanne ne wancan? Ba mugunta ce ta malamin ba, ba wanda ya taɓa gaya masa cewa in ya rubuta ya rinƙa karantawa da baki a fili. Abu ne da za a koya masa a bita ta yini ɗaya. Shi ya sa za ka ga ana tura makafi duka ɓangaren adabi ko suna so ko ba sa so, tun daga SS1 an riga an yanke musu abin da za su zama.

Sannan ga jarrabawar fita. WAEC da NECO suna da tanadin takardun Braille da masu manyan baƙaƙe da ƙarin lokaci, amma sai in makaranta ta nuna tun wajen rajista cewa ɗalibin yana buƙata. In mai cike fom ɗin bai sani ba ko bai damu ba, shi ke nan, ranar jarrabawa a miƙa wa zabiya takarda mai ƙananan rubutu ya yi ta kai ta bakin hancinsa har lokaci ya ƙare.

Gaskiya a nan dole in yaba wa JAMB. Tun 2017, zamanin Farfesa Is-haq Oloyede, suka kafa wani kwamiti na musamman ƙarƙashin Farfesa Peter Okebukola da ke shirya wa makafi da wasu masu buƙata ta musamman jarrabawarsu a cibiyoyi na daban, Kano ma tana cikin garuruwan da ake yi, ana karanta musu tambayoyi su amsa ta hanyar da suka iya. Wannan ya nuna in hukuma ta ga dama abin ba gagara yake ba. To amma bayan ya ci ya samu gurbi fa? Ya isa makaranta, ɗakin lakca a hawa na biyu, ɗakin kwanan da aka ba shi a can ƙarshen harabar, lakcara ya raba takardun darasi a buge ba wanda zai tura masa a waya don manhajar da ke karanta rubutu ta karanta masa, kurma kuma ba tafinta sai dai ya nemo da kuɗinsa. Wanda ya kai ƙarshe za ka tarar wani aboki ne Allah ya haɗa shi da shi ya ɗauki nauyin jagorancinsa shekara huɗu. Allah ya saka wa irin waɗannan abokai, amma bai kamata makomar yaro ta rataya kan dace da abokin kirki ba.

Kuma abin haushin Malam Edita, doka akwai. Dokar hana nuna wariya ga masu nakasa ta 2018, wadda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2019, ta ce mai nakasa yana da haƙƙin karatu kyauta har zuwa ƙarshen sakandare, ta ce makarantun gwamnati su zama na kowa da kowa kuma a samu ma'aikacin da aka horar don kula da su, ta ba da shekara biyar a gyara gine-ginen gwamnati yadda mai keke zai iya shiga. Wa'adin nan ya cika tun Janairun 2024. Dan Allah duk mai karanta wannan ya leƙa makarantar da ta fi kusa da gidansa ya duba ko akwai gangaren da keke zai hau a bakin aji ko ɗaya. Har sababbin azuzuwan da ake ginawa yanzu da matakala ake yin su, alhali siminti buhu nawa gangaren zai ci in an sa shi tun wajen gini? Dokar ta kuma tanadi tarar naira miliyan ɗaya ga kamfani ko hukuma, dubu ɗari ko wata shida a gidan yari ga mutum ɗaya da ya nuna wariya, an kafa hukumar kula da masu nakasa ta ƙasa a 2020, sannan a kuɗin UBEC, hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, ma akwai kason da aka ware don ilimin masu buƙata ta musamman. Malamai ma ana horarwa, akwai Kwalejin Ilimi ta Musamman ta Tarayya a Oyo, akwai sashen wannan fanni a Jami'ar Jos da Jami'ar Bayero, amma sau da yawa wanda ya karanci fannin sai a tura shi koyar da Soshiyal a makarantar da ba kurma ko ɗaya, makarantar da ke da kurame kuma ba ta da shi.

A ganina tushen matsalar shi ne yaron a hannu da yawa yake wucewa kuma ba hannun da ke miƙa shi ga na gaba. Firamare tana ƙarƙashin SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, da sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, babbar sakandare wata hukumar ce daban, jarrabawa wasu ne, jami'a wasu ne, kowa iyakarsa bakin ƙofarsa. Don haka abin da nake roƙo ba mai tsada ba ne. A sa doka kowane yaro mai buƙata ta musamman ya kasance yana da fayil, ko shafi biyu ne, hedimasta da malamin aji da iyaye su zauna su rubuta me ke damunsa, me ke taimaka masa, a ina ya kamata ya zauna, wane magani yake sha, kuma fayil ɗin ya riga shi isa sabuwar makaranta tun kafin a buɗe. A kai shi ya ga makarantar lokacin hutu, ya san hanya, ya san inda banɗaki yake, in ajinsu a sama ne firinsifal ya sauko da ajin gaba ɗaya ƙasa, wannan ko kwabo ba ya ci. A kowace makaranta a ɗora wa malami ɗaya alhakinsu da sunansa, in yaro ya yi sati biyu bai zo ba ya taka ya je gidansu. Wajen rabon makarantu bayan aji shida kuma a duba nisa, kar a jefa gurgu makarantar da sai ya canza mota biyu.

Mu iyaye da al'umma ma da namu laifin. Har yanzu akwai gidajen da ake ɓoye yaro a ɗaki don kunya, akwai waɗanda da yaro ya gama firamare sai a ce ai ya iya rubuta sunansa ya isa, a haɗa shi da ɗan jagora a tura shi bakin titi, shi ɗan jagoran ma nasa karatun ya tafi, an yi asarar biyu ke nan. Alhali mun san a kan makaho, Abdullahi ɗan Ummi Maktum, da ya zo neman sani, farkon suratu Abasa ta sauka. Ina roƙon malamanmu su rinƙa kawo wannan a huɗuba lokacin komawa makaranta, masu zakka kuma su tuna kuɗin motar ɗalibi gurgu na zango ɗaya ko waya mai karanta rubutu ga makaho yana cikin abin da zai fitar da mutum daga bara gaba ɗaya. Sarakunan makafi da na guragu da na kurame da ƙungiyoyinsu su ma a rinƙa sa su a kwamitin makarantu, sun fi mu sanin gidajen da yaran suke.

Daga ƙarshe Malam Edita ina da roƙo gare ku ku 'yan jarida. In an koma sabuwar shekarar karatu ku tura wakilanku ma'aikatun ilimi na jihohinmu su yi tambaya ɗaya, yara masu buƙata ta musamman nawa ne suka gama aji shida bara, nawa ne daga cikinsu suke zaune a JS1 yau? Duk amsar da aka ba ku ku buga mana ita yadda take, in an ce babu lissafin ma ku buga hakan. Na gode, Allah ya ƙara ɗaukaka jaridarmu.

Naku,
Wani malamin firamare, daga Kano