Sanarwa kan zaman kwamitin makarantu da rangwamen harajin gidaje

Assalamu alaikum, iyayenmu da ƴan uwa mazauna jihar Ohayo ta Amurka. A zama mai zuwa, kwamitin makarantun gundumarmu zai duba buƙatar karkatar da harajin sababbin gidaje zuwa aikin tituna da magudanan ruwan unguwar da za a gina. A dokar jihar nan, ana ɗaukar irin wannan karkatarwa a matsayin rangwamen haraji, kuma rangwamen da ya haura kashi 75 cikin ɗari ko shekara 10 yana buƙatar amincewar kwamitin, domin daga harajin gidaje ake samun wani ɓangare na kuɗin biyan malamai.

Ni dai ina goyon baya, ganin yadda tsadar haya ta cunkushe iyalai a ɗaki biyu, amma da sharaɗin a rubuta diyyar kuɗin da makarantu za su rasa cikin yarjejeniyar rangwamen. Don Allah mu halarta, mai son magana ya ba da sunansa da wuri.