A Shirya Wa Kifaye Matsuguni Kafin A Fara Gyara

Ranka ya daɗe Edita,

Idan za a gyara gidan kallon kifaye, hankali yakan tafi ga sabon gilashi da fenti, a manta da masu rai da ke ciki. Kifi yana jin girgizar injin huda bango ta cikin ruwa, har yakan ƙi cin abinci.

Abin da ya fi damuna tankunan wucin gadi ne. Ƙwayoyin bakteriya masu rage gubar amoniya da kifi ke fitarwa sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su kafu a matatar ruwa. In aka yi gaggawar zuba kifaye, gubar na iya hallaka su. Ɗanyen siminti ma yana ɓata ruwa.

Don Allah hukumomi su fara da tankunan nan, sannan su kira magina.

Naka,
Wani mai karatu