Koken 'Yan Kasuwa Ga Mai Girma Hakimi Kan Gobara Da Inshorar Da Ƙaramar Hukuma Ke Son Ɗora Mana

Zuwa ga Mai Girma Hakimi,
ta hannun Dagaci da Sarkin Kasuwa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Allah ya ja zamaninka, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya riƙa maka wannan ƙasa da jama'arta. Ranka ya daɗe, mu talakawanka ne 'yan babbar kasuwa, 'yan layin atamfa da shadda, 'yan takalma, masu kayan masarufi, teloli, da iyayenmu mata masu rumfunan kayan miya. Mun san ba a zuwa gaban uba da ɗaga murya, amma ka yi mana afuwa idan ka ji zafi a wannan takarda, wallahi abin ne ya kai mu maƙura.

Ka san gobarar da ta tashi a daren Alhamis ɗin nan, kai da kanka ka turo wakili aka yi mana jaje, Allah ya saka da alheri. Wutar ta faro ne daga wayoyin nan da ke rataye a saman layin atamfa, wayoyin da tun yaushe muke cewa a canza, aka kawo wuta da ƙarfi cikin dare suka yi tartsatsi, kafin 'yan kwana-kwana su samu hanyar shigowa saboda rumfunan da aka yanka aka sayar a kan hanyar mota, layi ya riga ya tafi. Mun karɓi wannan a matsayin ƙaddara, Allah ne ya bayar kuma shi ya karɓa. Abin da ya kawo mu gabanka shi ne takardar da aka liƙa a ƙofar ofishin kasuwa tun toka ba ta huce ba.

Takardar cewa ta yi majalisar ƙaramar hukuma ta zauna ta tabbatar da iyakar abin da za ta iya biya kan kowane shago, duk yawan asarar mutum ba za a wuce wannan iyakar ba, kuma wai dama yana rubuce a bayan takardar haya da muka sa wa hannu. Ranka ya daɗe, kuɗin da aka ambata ko dila ɗaya ta atamfa ba zai saya ba yau. An rubuta wannan iyaka ne tun zamanin da dala ba ta kai naira 500 ba a banki, sai aka saki naira a watan Yunin 2023, a farkon 2024 dala ta haura naira 1,500, kayan da ke shagunanmu duk suka ninka kuɗi, kuɗin shago ma aka ƙara mana, amma iyakar diyya tana nan inda take ko kwabo ba a ɗaga ba. To don Allah ya aka tuna da tsadar rayuwa wajen karɓa aka manta da ita wajen biya? Kuma yawancinmu an miƙo mana takardar ne da Turanci aka ce dangwala nan, babu wanda ya karanta mana bayanta.

Sannan a ƙasan wannan takarda aka ƙara da cewa daga yanzu duk mai son a mayar masa da shago bayan gyara sai ya biya ƙarin kuɗin inshora, a haɗe da kuɗin haya, ta hannun kamfani ɗaya da su suka zaɓa, ba a kira shugabanninmu ba, ba a kira Sarkin Kasuwa ba. Mutumin da jarinsa ya ƙone, yana da bashin 'yan Kantin Kwari na Kano a wuyansa, matar da ta kwashi adashe ta zuba a kaya sati biyu kafin gobara, su ne aka fara kai wa takardar biyan kuɗi. Haba jama'a.

Mu ba mu ƙi inshora ba, ranka ya daɗe, a daina faɗa maka cewa 'yan kasuwa jahilci ne ke damunsu. Mun ga abin da ya faru a kasuwar Sabon Gari ta Kano a watan Maris na 2016, dubban shaguna suka ƙone, mun ga ta babbar kasuwar Sakkwato da ta Katsina a 2021, mun ga Monday Market ta Maiduguri a Fabrairun 2023 inda Gwamna Zulum ya ba da sanarwar tallafin naira biliyan ɗaya, kuma duk wanda ya san yawan dukiyar da ke cikin wannan kasuwa ya san tallafi rage zafi kawai yake yi, ba ya mayar da jari. Don haka mun fi kowa sanin amfanin a yi tanadi. Amma tanadin ya fara daga mai gini.

'Ya'yanmu da suka yi karatu sun duba mana doka. Kundin tsarin mulki na 1999 ya sa kafa kasuwanni da kula da su a cikin ayyukan ƙaramar hukuma, shi ya sa take karɓar haraji a hannunmu, kuɗin shago, kuɗin shara, kuɗin tsaro, tikitin kullum, rasit ɗin suna nan ga waɗanda nasu bai ƙone ba. Dokar inshora ta 2003 a sashe na 65 ta wajabta a yi wa ginin da jama'a ke shiga don ciniki inshora kan gobara, rushewa, ambaliya da guguwa, domin ta ɗauki nauyin asarar dukiya ko rauni ko rasa rai da ya samu masu amfani da wurin, kuma sabuwar dokar inshora da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a 2025 ba ta cire wannan wajibci ba. A dokar ta 2003 ɗin kuma akwai ƙa'idar cewa idan ba a biya kuɗin inshora ba to babu inshora, ko da takarda tana cikin durowa. Shi ya sa muke tambaya, kuma mun yi ta tambaya a ofis ana ce mana oga ba ya nan, ku dawo gobe, fayil yana wajen sakatare: shin kasuwarmu tana da inshora a daren da ta ƙone? Idan tana da ita a nuna mana takardar, nawa ne iyakarta, wa zai karɓi kuɗin. Idan kuma ba a biya ba a fito a faɗa, a daina ɓoyewa a bayan takardar haya.

Don abin da muke tsoro ke nan, a ce inshorar ta bulo da kwano ce kawai, kamfani ya biya ƙaramar hukuma ta gyara gininta ta sake ba da haya da sabon farashi, mu da muka yi asarar abin da ke ciki a sallame mu da abin sayen goro. Ko mai mota da aka ƙara wa kuɗin inshora daga naira 5,000 zuwa 15,000 a Janairun 2023, ai an ɗaga masa iyakar abin da za a biya kan dukiyar wani daga miliyan ɗaya zuwa miliyan uku. Mu an ce mu ƙara biya, ba a gaya mana me za mu samu ba.

Mun sha kai kuka kan wayoyin nan, da baki da rubuce, a zamanin wannan ciyaman da na baya da kantoman da ya riƙe a tsakani, an zo an duba, an kafa kwamiti, an ce ana jiran kasafi, mun gaji da ƙirgawa. Yanzu kuma tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa ƙananan hukumomi su riƙa karɓar kuɗinsu kai tsaye, ba ma so a sake ce mana komai yana hannun jiha, su je su warware tsakaninsu, mu wanda ke karɓar harajinmu muka sani.

Saboda haka muke durƙusawa gabanka, ka kira mai girma ciyaman da kansiloli a zauna a gabanka tare da wakilanmu. A janye wannan iyaka a kan gobarar da ta samo asali daga wayoyin hukuma, a ƙiyasta asarar kowa da gaskiya, kuma kar a ce sai mai littafin lissafi, littattafan sun ƙone tare da kayan, a karɓi shaidar shugabannin layi da dilolin da suka ba mu kaya. A dakatar da maganar ƙarin inshora har sai an zauna da mu, kuma kar a ɗaura ta da mayar wa mutum shagonsa, kowa a bar masa shagonsa a inda yake, don mun fara jin ƙishin-ƙishin cewa wasu na kewaya layin da ya ƙone da awo. Idan za a yi inshorar kaya a bar mu mu yi ta a ƙungiyance mu zaɓi kamfani da kanmu, da yawanmu sun fi natsuwa da takaful, wato inshorar Musulunci, saboda abin da malamanmu ke faɗa kan riba, kuma hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ba kamfanonin takaful lasisi, ba wani baƙon abu muka nema ba. A rubuta sharuɗɗan da Hausa, a karanta a bainar jama'a, musamman wurin da ke cewa idan ka rubuta kayanka ƙasa da kimarsu za a zaftare maka abin da za a biya, talaka bai san da wannan ba sai ranar da ya je karɓa.

Kuma don Allah a canza wayoyin sauran layukan kafin iskar hunturu ta kankama, a buɗe hanyar motar kwana-kwana, a samar da ruwa a cikin kasuwa. Kuma a nuna mana takardar inshorar nan, ranka ya daɗe, mun sake maimaitawa ne don ita ce ake ta kauce wa.

Matasanmu sun so su rufe kasuwa su yi tattaki zuwa sakatariya, dattawa suka hana, suka ce muna da uba a garin nan a fara kai masa. Muna roƙon a sa ranar zaman kafin a fara rabon shagunan da za a gyara.

Allah ya ja zamanin Hakimi, Allah ya taimake ka.

Talakawanka masu biyayya,
shugabannin layuka da 'yan kasuwar da gobara ta shafa, sa hannunmu da dangwalenmu na haɗe a baya.