Gonar Fadama Ba Tsarar Gonar Jigawa Ba Ce

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina da tsokaci a kan shirinku na manoma na makon jiya, inda baƙonku ya ce ya tabbatar sabon irin masara ya fi na gida, domin ya shuka sabon a fadamarsa ta wajen madatsar ruwan Daberam, na gida kuma a jigawa, sabon ya fi yawan buhuna. Ban musanta buhunan ba, amma wa zai iya cewa irin ne ya yi aikin, ba damshin fadamar ba?

Masana ƙididdiga suna da hanyar raba wannan gardama, wato gwajin bibbiyu masu kama da juna. Manomi zai ware kunyoyi biyu da ke maƙwabtaka, ƙasarsu ɗaya, takinsu ɗaya, ranar shukarsu ɗaya, kamar Hassan da Husaini, sannan ya jefa kwabo domin ƙuri'a ta zaɓi wadda za ta karɓi sabon iri. Ƙuri'ar nan ba wasa ba ce, domin idan aka bar wa mutum zaɓi, ko bai yi niyya ba zai kai irin da yake ƙauna inda ƙasa ta fi kyau. Haka zai maimaita a kusurwoyi goma ko fiye na gonar, idan kaka ta yi ya auna kowace kunya da tiya, ya rubuta tazarar da ke tsakaninta da abokiyarta. Wannan tazarar ake dubawa, ba jimillar buhuna ba.

Da masara ma masanin halittu Charles Darwin ya yi irin wannan gwaji a Ingila, ya wallafa a 1876. Ya shuka tagwaye 15 a tukwane, a 13 daga ciki wadda ta tsiro daga irin da aka samu ta barbara da wata masarar ta fi abokiyarta tsayi, wato wadda ta tsiro daga irin masarar da ta yi wa kanta barbara. Masanin ƙididdiga Ronald Fisher ya sake nazarin alƙaluman a 1935, ya nuna cewa abin da gwajin ya rasa shi ne ƙuri'a.

Hanyar tana da wahalarta, domin idan dabbobi suka cinye kunya ɗaya, abokiyarta ma ta tashi daga lissafi. Duk da haka ina roƙon ku gayyato malamin gona ya bayyana ta dalla-dalla kafin damina ta faɗi.

Naku,
Malamin lissafi mai ritaya, Daura