Wasiƙa ga Iyaye: Aikin Gada na 'Yan Aji Biyu da Darasin Gustave Eiffel

Assalamu alaikum wa rahmatullah, iyayenmu da masu riƙon yara.

Muna fatan kowa yana lafiya da iyali. Wasiƙar wannan karon kusan dukkanta a kan magana ɗaya ce: ƙaramar gadar da aka ce kowane ɗan aji biyu na ƙaramar sakandare ya haɗa, wadda za a gwada ranar baje kolin kimiyya a ƙarshen zango. Tun ba a je ko'ina ba an fara shigo mana da gadoji na ƙarfe, an yi musu walda, har da fenti. Yaro ɗan shekara goma sha uku bai yi wannan ba, mun sani, kun sani. Duk gadar da ta fito daga wurin mai walda ko kafinta ba za ta hau teburin gwaji ba, kuma yaron ba shi da maki. Mun faɗa a taron iyaye, ga shi muna maimaitawa a rubuce.

Aikin ya samo asali ne daga darasin rayuwar injiniyan Faransa, Gustave Eiffel, kuma za a yi wa kowane yaro tambaya da baki a kansa. Ga abin da ya kamata ya riƙe, don ku riƙa bitarsa tare a gida.

An haifi Eiffel a garin Dijon ranar 15 ga Disamba 1832. Ya nemi shiga babbar makarantar Polytechnique bai samu ba, sai ya shiga École Centrale a Paris, ya gama a 1855 a fannin kimiyyar sinadarai. Aikin layin dogo ne ya kai shi ga ƙarfe. A 1858 aka damƙa masa kula da ginin gadar jirgin ƙasa a Bordeaux, a kan kogin Garonne, mai tsawon kusan mita 500. A 1866 ya buɗe masana'antarsa a Levallois-Perret, kusa da Paris. Daga nan aka ƙera gadar Maria Pia a kan kogin Douro a Fotugal, wadda aka gama a 1877 tare da abokin aikinsa Théophile Seyrig, da gadar Garabit a Faransa, 1884. Kowaccensu a kan baka guda ɗaya take tsaye, kamar bakan da maginanmu ke ɗaurawa da azara a soro: na Maria Pia mita 160, na Garabit mita 165, jirgi yana wucewa mita 122 sama da kogin Truyère. Daga gaɓa biyu ake fara bakan, igiyoyin ƙarfe na riƙe da kowane ɓangare ta baya, har su haɗu a tsakiya. Kamfaninsa ne kuma ya tsara ƙashin ƙarfen da ke cikin mutum-mutumin 'Yanci na New York, wanda fatarsa ta tagulla ba ta kai kaurin milimita 3 ba.

Hasumiyar Paris ita kowa ya sani, amma ku lura da yadda aka yi ta, don a nan darasin yake. Injiniyoyinsa biyu, Maurice Koechlin da Émile Nouguier, su suka fara zana ta a 1884, mai zanen gini Stephen Sauvestre ya ƙawata ta. An fara aiki a Janairun 1887, aka gama ranar 31 ga Maris 1889, tsayinta a lokacin mita 300. Guntayen ƙarfe 18,038 ne, nauyinsu tan 7,300, aka haɗa su da ƙusoshi miliyan biyu da rabi. An yi zane fiye da 5,000, kuma a masana'anta aka huda kowane rami bisa awo. In guntu ya zo bai yi daidai ba, ba a gyara shi a wurin gini, mayar da shi ake yi. Mutum huɗu ke kan kowace ƙusa: mai gasa ta har ta yi ja, mai riƙe ta a rami, mai saita kanta, da mai bugun guduma. Tana hucewa sai ta tsuke, ta matse ƙarafan biyu. Ƙafafu huɗun kuwa a karkace suka tashi, sai da aka yi amfani da jek da akwatunan yashi, ana zubar da yashin kaɗan-kaɗan, kafin suka daidaita a bene na farko, mita 57 daga ƙasa.

Abin da ya fi damun Eiffel iska ne. A 1879 guguwa ta kayar da gadar Tay a Sikotilan da jirgi a kanta, injiniyoyin zamanin duk sun ɗauki darasi. Shi ya sa ƙarafan hasumiyar suke a sarƙe, iska na bi ta tsakaninsu, gindinta kuma ya buɗe mita 125 kowane gefe. Ba mu ɓoye wa yara ɓangaren da ba daɗi ba: ya karɓi kwangila a aikin mashigin ruwan Panama, kamfanin da ke haƙa mashigin ya rushe, a 1893 kotu ta yanke masa ɗaurin shekara biyu da biyan tara, daga baya babbar kotu ta soke hukuncin. Ya bar kamfaninsa ya koma binciken iska, ya gina ɗakin gwajinta a gindin hasumiyar a 1909, da wani a unguwar Auteuil ta Paris a 1912. Ya rasu ranar 27 ga Disamba 1923 yana da shekara 91.

Yanzu ga aikin. Kayan da aka yarda da su: tsinken tsire da bai wuce ɗari ba, farin gam na kafinta, zaren ɗinki, da kwali don shimfiɗar hanya. Ban da waya, ban da ƙusa, ban da gam mai kamawa nan take, don yana da saurin karyewa kuma yana manne yatsu. Tsawon gada santimita 50, faɗi 8, tsayi tsakanin 8 da 10. Za a ɗora ta a kan tebura biyu masu tazarar santimita 40.

Zane ne farko. Yaro ya zana gefen gadar a takarda da girmanta na gaskiya, ya kawo wa malamin fasaha ya sa hannu. Sai ya shimfiɗa leda a kan zanen, ya datse kaifin tsinkayen, ya jera su a kan layuka yana gamawa. A kan zane ɗaya za a yi gefe biyun. In aka yi su da ido, ɗaya zai fi ɗaya tsayi, nauyi ya taru a gefe guda, gadar ta murɗe. Tsinke ɗaya ba ya kaiwa santimita 50, don haka inda za a yi gwama, biyun su hau juna aƙalla santimita 3, a shafa gam, a naɗe da zare. Kada gwamar sama da ta ƙasa su faɗo a daidai tsakiya, nan ne nauyi ya fi yawa.

Kuskuren da muka fi gani shi ne barin murabba'i a buɗe. Kusurwa huɗu tana kwantawa da an danna ta. Alwatika ba ta canza siffa sai in tsinke ya karye. Kowane murabba'i a ratsa shi da tsinke daga kusurwa zuwa kusurwa, har da na sama da na ƙasa, waɗanda yara ke mantawa. Sannan layin sama matse shi ake yi, na ƙasa ja ake yi. Siririn tsinke yana jure ja, amma in aka matse shi sai ya lanƙwashe, don haka a ninka na sama biyu ko uku. Gam yana buƙatar yini da kwana kafin a taɓa. Gadar da aka haɗa daren jajiberi za ta sake a gaban jama'a, kuma ba laifin yaron ba ne shi kaɗai.

Ranar gwaji za a rataya bokiti a tsakiyar gada, ana jefa ruwan leda ɗaya bayan ɗaya, kowanne rabin kilo. Wadda ta ɗauki goma ta ci. Wadda ta karye ma tana da maki, muddin yaron zai nuna inda ta fara karyewa ya faɗi dalili. Naku shi ne sayen kaya, da zama kusa da shi lokacin da yake riƙe da reza.

Muna yi wa malamin fasaha godiya ta musamman. Kowace Talata da Laraba yana tsayawa bayan an tashi don duba zanen yara, ba wanda ya sa shi. Haka malamar lissafi, da ta sake jera darussanta don awon kusurwa ya zo kafin wannan aiki. Allah Ya saka musu da alheri. Abin takaici, yaran da suka fi buƙatar zaman su ne ake zuwa ɗauka da wuri. A ƙara musu awa ɗaya, don Allah.

Sauran sanarwa a taƙaice. Masu ragowar kuɗin makaranta sun san kansu, ofis a buɗe yake. Ana rufe ƙofa ƙarfe takwas saura kwata, kamar kullum. Wayar da aka kama a aji sai uba ko uwa sun zo da kansu. A rubuta sunan yaro a jikin rigar sanyi.

Allah Ya raya mana su, Ya yi musu albarka.

Wassalam,
Shugaban Makaranta