Dan Allah ku riƙa nuna mana yadda ake tsira daga gobara, ba tokarta kaɗai ba

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe Edita,

Ya aiki, ya sanyi? Ƙorafi na kawo amma akwai shawara a cikinsa, dan Allah ka daure ka karanta har ƙarshe.

Duk shekara da hunturu ya kama mun riga mun san abin da za mu gani a tasharku. Kasuwa ta ƙone cikin dare, wakilinku ya je da safe ya ɗauko mana hayaƙi da kwanon rufi da ya lanƙwashe, a nuna ɗan kasuwa ya ɗora hannu a ka, a nuna manya sun zo jaje an ce za a kafa kwamiti, shi kenan sai a jira ta gaba. Kasuwar Sabon Gari ta Kano ta ƙone a 2016, ta Sakkwato da ta Katsina a 2021, kasuwar Monday ta Maiduguri a 2023. Ni ban ce kar ku kawo labari ba, ai aikinku ne. Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne ban taɓa ganin kun ware ko minti ɗaya kun nuna wa mutum abin da zai yi in wuta ta kama rigarsa, ko in kaskon mai ya kama da wuta a kicin ba.

Kuma ba wani sabon abu nake nema ba wallahi. Ku shiga YouTube ko rumbun nan na Internet Archive, inda aka zuba tarin tsofaffin finafinan ilimantarwa da wani Ba'amurke Rick Prelinger ya tattara, za ku ga finafinan rigakafin gobara na Amurka na shekarun 1940 zuwa 1970 jibge. Yawancinsu baƙi da fari ne, ba su wuce minti goma ko sha ɗaya, domin iya abin da faifai ɗaya na fim mai faɗin milimita 16 ke ɗauka kenan, malami ya kashe fitilar aji ya kunna majigi yara su kalla. Da farko dariya za su ba ka, ga mai bayani da muryarsa ta isa, ga yaro an taje masa gashi ya ɗauki ashana yana waige-waige kamar ɓarawon kaza. Har kamfanin Disney ya yi nasu na katun a 1955. Amma in ka natsu sai ka ga mutanen nan sun san abin da suke yi, domin kowane fim abu ɗaya ko biyu kawai yake so ya cusa maka, kuma ba gaya maka zai yi da baki kaɗai ba, zai sa yaro ya yi a gabanka, ya sake yi, har ka haddace. Hayaƙi ya cika ɗaki? Ka durƙusa ka yi rarrafe, iska mai kyau tana ƙasa. Kafin ka buɗe ƙofa ka taɓa ta tukuna, in da zafi kar ka buɗe. In ka fita ka fita kenan, ba komawa ɗauko takarda ko kuɗi.

Su ma fa ba haka kawai suka tashi da wayo ba, wuya ce ta koya musu. Ranar 1 ga Disamba 1958 wuta ta tashi a wata makarantar Katolika a Chicago, ta faro daga ƙasan matakalar bene, hayaƙi ya bi matakalar ya haye sama ya cika barandar da ajujuwa suke, yara suka rasa ta inda za su bi sai taga. Ɗalibai 92 da malamai mata 3 suka mutu. Bayan wannan ne hukumar kashe gobara ta Los Angeles ta shirya fim a kan irin wannan gobarar ta makaranta, aka riƙa nuna wa malamai da hukumomin ilimi, aka kuma gyara dubban makarantu a faɗin ƙasar, aka sa ƙofofi masu tare hayaƙi da ƙararrawa, aka tsananta atisayen fita. Wato su bala'in bai tsaya a jaje ba, sun mai da shi darasi har yaron da aka haifa bayan shekara goma ya kalla. Mu kuma fa? A Afrilun 2021 yara kusan 20 suka ƙone a ajujuwan zana a Yamai, a Nuwamban shekarar sama da 20 a Maraɗi, a Fabrairun 2025 almajirai 17 a Ƙauran Namoda. Allah ya jiƙansu. Wane fim aka yi wa malamin tsangaya ko na firamare da zai nuna masa kar a kulle ƙofa ta waje yara na barci a ciki, kar a tara kara jikin ɗakin kwana?

Na Ingila ma sun fi burge ni don sun fi dacewa da aikinku. Gwamnatinsu tana da wani ofishin yaɗa labarai da ya yi aiki daga 1946 har 2012, shi ke shirya 'yan gajerun finafinai, wani ko minti ɗaya bai kai ba, gidajen talbijin su cike gurbi da su tsakanin shiri da shiri. Cikin waɗanda suka riƙa nanatawa akwai na tukunyar suyar dankali, domin ta addabi gidajensu. Sai a nuna mai ya kama da wuta, a zuba masa ruwa ɗan kaɗan, kafin ka ƙifta ido wuta ta tashi ta lashi silin. Dalili kuwa ruwa ya fi mai nauyi, sai ya nutse ƙasa, zafi ya mai da shi tururi nan take, tururin ya kumbura ninki kusan 1,700 ya watso man da ke ci sama. Yanzu ranka ya daɗe ka duba unguwarku, masu ƙosai, masu awara, masu wainar fulawa, ga suyar naman layya da ake yi da yara na zagaye da kasko. In mai ya kama, mutum nawa ne hannunsu ba zai fara kaiwa ga bokitin ruwa ba? Wa'azin awa guda ba zai hana su ba, amma wanda ya taɓa ganin wannan hoton sau ɗaya da idonsa ba zai manta ba.

Haka batun tsaya, kwanta, yi birgima in wuta ta kama tufafinka, da Amurkawa suka yayata a shekarun 1970, har da ɗan wasan barkwancinsu Dick Van Dyke yana yi a talbijin. Wannan kam kamar don mu aka yi, mu masu babbar riga da dogon hijabi da yadin nan mai roba-roba da ke narkewa ya manne a fata. Wanda wuta ta kama gudu yake yi, gudun kuma fifita ta yake yi.

Sai dai kar a ce na ce a kwaso su a juye da Hausa a watsa yadda suke. Wasu shawarwarin sun tsufa. Su Ingilan da kansu sun daɗe suna cewa a rufa wa tukunyar mai jiƙaƙƙen tsumma, daga baya suka janye, suka ce ka kashe murhun in za ka iya, ka fita, ka kira 'yan kwana-kwana. A wasu tsofaffin za ka ga ana yabon asbestos, wato kayan ginin nan mai jure wuta amma mai illa ga huhu, ko ana kashe wuta da wani sinadari da daga baya aka haramta don yana da guba. Sannan gidan yanzu ba na da ba ne, kujeru da katifu duk soso ne, binciken da aka yi a Amurka ya nuna a shekarun 1970 mutum kan samu kusan minti 17 na tsira, yanzu ya dawo kusan minti 3. Ga shi kuma gidajen da ke cikin finafinan ba su san janareta ba, ba su san jarkar fetur a zaure ba, ba su san ƙarafen taga da muke girkawa don ɓarayi su koma su hana mu fita ba. Salon nake so a ara, ba kayan cikin ba.

In ma an bi ta, salon ba baƙo ba ne a wurinmu. Iyayenmu sun ga majigi, motar da ke yawo gari-gari tun zamanin Turawa har bayan mulkin kai, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada bayan isha, a nuna tsabta da noman auduga da gyaɗa da allurar rigakafi, mai bayani na fassarawa da lasifika. Kuma Kano ta san gobara da fim a haɗe, domin a 1951 silimar El Duniya ta ƙone sama da mutum 300 suka rasu, a zamanin da shi kansa faifan fim ɗin silima ke kamawa da wuta cikin sauƙi. Da mota ɗaya da ƙyalle aka kai saƙo ƙauye, yau kowa da allo a aljihunsa amma mun kasa.

To ga abin da nake roƙo. Ku nemi 'yan kwana-kwana na jiha, su suka san abin da ya fi jawo musu kira, ku haɗa su da jarumai biyu ko uku na Kannywood da mutane ke so, a yi 'yan finafinai na minti ɗaya ɗaya, kowanne da saƙo ɗaya tak. Matar da ta jona hita a bokiti aka ɗauke wuta ta fita unguwa ba ta zare ba, aka dawo da wuta ba kowa a gida. Magidancin da ya shigo ya ji warin gas ya kai hannu zai kunna fitila, ɗansa ya riƙe hannun ya ce Baba a buɗe taga tukuna. Kaskon garwashi a ɗaki an rufe ko'ina, wanda ko bai ƙona komai ba iskarsa kaɗai kan kashe mutane cikin barci, haka ma janareta a baranda. Maganin sauro kusa da katifa. Ƙuna kuma a sa ta a ruwa mai sanyi na minti 20, ba ƙwai ba, ba man goge baki ba, ba manja ba. Na tankar mai kuwa ya kamata a ce shi aka fi maimaitawa, bayan abin da ya faru a Majiya ta Jigawa a Oktoban 2024 inda sama da mutum 150 suka rasu, sannan ko wata huɗu ba a yi ba aka sake irinsa a mahaɗar Dikko ta jihar Neja.

Na san akwai mai cewa ai gobara ƙaddara ce. Ƙaddara ce mana, amma ya zo a Bukhari da Muslim cewa wani gida ya ƙone da mutanensa cikin dare a Madina, da labari ya kai ga Manzon Allah (SAW) sai ya ce wuta maƙiyiyarmu ce, in za mu kwanta mu kashe ta. Ku gayyato malami ya faɗi wannan a ƙarshen ɗaya daga cikin finafinan, ba wanda zai yi musu.

Kuma dan Allah in an yi kar a kai su ƙarfe biyun rana lokacin da ba mai kallo. A sa su kafin labarai, a sa a tsakiyar wasan kwaikwayo inda kuke jera mana tallan magi da na layin waya, a yi ta maimaitawa har mutane su gaji, a yanka su yadda za su shiga WhatsApp da TikTok, 'yan rediyo ma su samu na murya. In batun kuɗi ne, masu sayar da gas da kamfanonin inshora da ƙungiyoyin 'yan kasuwa suna nan, a tuntuɓe su. In kuma duk hakan ya yi yawa a fara da ɗaya, na mai da ruwa, kasko ɗaya ne da kofi ɗaya da filin da ba kowa, sai ɗan kwana-kwana da kayan aikinsa. Wuni guda ya isa a ɗauka.

Na gode, a gaida ma'aikata.

Naku,
Wani mai kallonku daga Kano