Barka da Sallah daga Suwon

Assalamu alaikum Baba, Inna da duk mutanen gida,

Barkanmu da Sallah, Allah ya maimaita mana. Mun riga ku da awa 8, saboda haka kafin ku kama hanyar idi ni har na taso daga aiki. Ƙwarai kuwa, aiki. A nan Koriya yau rana ce kamar kowace, ba hutu, ba kabbara a titi, ko kukan rago ɗaya ban ji ba duk makon nan.

Na roƙi mataimakiyar shugaban makaranta ta ba ni safiya, ta kuma yi min kirki. Na bi jirgin ƙasa zuwa Seoul, babban masallacin Itaewon da ke kan tudu, wanda aka buɗe tun 1976. An cika maƙil, mutanen Indonesiya, Pakistan, Bangladesh, Uzbekistan, ga 'yan ƙasar su ma nan da can. Ana sallamewa na ji wani a bayana yana waya da Hausa, ashe Bamaraɗe ne. Muka rungume juna ba wanda ya san sunan wani.

Da babbar rigar da Yaya ya ɗinka min na shiga aji da rana. Yara suka kaure da ihu, wannan ya taɓa aikin wuyan, wancan ya ce a ara masa hular, wata 'yar mitsitsiya ta tambaya ko ni sarki ne a garinmu. Daga aji uku na firamare suke fara Turanci, kuma ba ni kaɗai nake shiga ba, akwai malama 'yar ƙasar da ke fassarawa in abin ya cije. Na zana musu rago a allo, darasin yau kenan. Da na zo kan barka da Sallah sai malamar ta ce su ma a bikin sabuwar shekararsu yara kan durƙusa wa manya a ba su kuɗi. Kafin ta rufe baki duk ajin an miƙo min hannu. Abin dariya kuma, ba su da "f" a harshensu, komai "p" suke mayar da shi, ga ni Bakano da aka sha yi wa tsiya a kan akasin haka, wai yau ni ke gyara musu. Suna ba ni tausayi dai, don daga nan yawancinsu makarantar lesin suke wucewa, manyan cikinsu ma sai dare ya yi nisa suke ganin gida.

Inna, abincin rana ne ya karya min zuciya. Makaranta ke ciyar da kowa, malamai da ɗalibai, amma miyar yau da naman alade aka yi. Malamar nan takan duba min takardar abinci kullum ta nuna min abin da zan tsallake. Farar shinkafa ba mai ba gishiri, da kabejinsu mai tsami da yaji da suke ce wa kimci, wai shi ne abincin Babbar Sallata. Ina ci ina lissafi. Na san Baba zai yanka, Kawu ya feɗe yana faɗa da yara a kan wuƙa, a wanke kayan ciki a bakin rariya. Hantar nan ta farko da kike soyawa da albasa tun kafin a gama feɗe rago, ana ɗauka da zafinta ana ƙona yatsa, ita nake nema. Sai ƙaurin babbakar kai da ƙafa ya cika unguwa, gobe a ɗora babban kasko a wuni ana suya, kitse na narkewa, Goggo na zaune da muciya tana gadin kwando. A Itaewon na sayi naman rago na halal, daskararre daga Ostareliya, yanzu na soya. Nama ne dai, amma Allah ya sani.

Auta, batun in samo maka irin aikina: bizar koyar da Turanci 'yan ƙasashe 7 aka saba ba wa, a duk Afirka Afirka ta Kudu ce kawai a ciki. Ni ma fasfon Ingila ne ya shigo da ni. Ka riƙe karatunka, akwai tallafin karatu na gwamnatinsu, za mu yi maganar.

A gaishe min da Hajiya Kaka, gaisuwa ta musamman, a durƙusa mata a madadina, a ce mijinta na Koriya bai yi mata kishiya ba tukuna, kuma a cikin abin da na turo akwai kuɗin goronta, kada Auta ya taɓa. Ta ci gaba da sa min albarka, ina ganinta a jikina. Goggo, Kawu da iyalinsa, Yaya da amarya, Malam Liman, su Baba Mai Shayi, da duk 'yan majalisa. 'Yan biyu a ɗauke su hoto da kayan Sallah kafin su ɓata su da maiƙo.

Don Allah Inna kada ki ba wa kowa dambun nama ya kawo min. Kwastan ɗinsu ba sa barin nama ya shigo, tara ce mai zafi. Yaji, kuka da busasshiyar kuɓewa sun ishe ni.

Naku,
Ɗan'asabe